Kyamarar Daji da Farautar Barewa a Amurka: A Kan Me Ake Jayayya?

Idan mutum ya ɗaure kyamara a jikin bishiya ya koma gida, ita kuma ta kwana tana ɗaukar hoton duk barewar da ta gifta, sannan bayan mako guda ya dawo da baka ko bindiga ya zauna daidai inda hoton ya nuna masa, shin farauta ya yi, ko kuwa zuwa ya yi ya ɗauki abin da na'ura ta riga ta kama masa? Wannan tambaya ce ta raba kan maharban Amurka a 'yan shekarun nan, har ta kai jihar Arizona ta haramta amfani da irin wannan kyamara wajen farauta daga ranar 1 ga Janairun 2022, wasu jihohin kuma suka taƙaita ta.

Wanda ya saba cin karo da hotunan nan na dare a Facebook ko YouTube, baƙi da fari, barewa na tsaye idanunta na ƙyalli kamar na kyanwa, idan ya ji labarin haramcin yakan ɗauka ɗayan biyu ne: ko dai barewar ce ta kusa ƙarewa, ko kuwa masu adawa da farauta ne suka yi galaba. Duka biyun ba haka suke ba. A yawancin jihohin ƙasar barewa yawa ta yi har hukumomi na neman a rage ta, kuma da dama daga cikin waɗanda suka kai kuka a kan kyamarar maharba ne da kansu.

## Wace barewa, kuma wace irin farauta?

Aron sunan barewa muka yi, domin dabbar da ake magana a kai ba irin tamu ta sahel ba ce. Tamu ba ta zubar da ƙahonta har ta mutu. Ta Amurka kuwa namiji ne ke da ƙaho, ƙashi ne mai rassa kamar reshen itace, kuma duk shekara yakan zubar da shi a ƙarshen hunturu, wajen Janairu zuwa Maris. Sabo yakan tsiro lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karammiski, zuwa ƙarshen Agusta ko cikin Satumba ya ƙeƙashe, dabbar ta goge fatar a jikin itace. A riƙe wannan da kyau, domin tsarin rassan kowane namiji daban yake, don haka mai kyamara na iya gane namiji guda daga cikin ɗari, ya bi rayuwarsa shekara da shekaru, har ya laƙaba masa suna.

Iri biyu ne suka fi shiga wannan magana. Akwai mai farar wutsiya, wadda ta cika gabashi da tsakiya da kudancin ƙasar. A wajen 1900 farautar kasuwa da sare daji sun kusa gamawa da ita, ta ragu zuwa kusan rabin miliyan ko ƙasa da haka, amma a yau ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30, tana cin masara da waken suya a gonaki, tana kuma haddasa haɗarin mota sama da miliyan ɗaya a shekara. Sai mai kunnen alfadari, ta yammacin ƙasar, mai zama a duwatsu da busassun filaye, wadda ba ta kai waccan yawa ba, a wasu wuraren ma raguwa take yi.

Farautar kanta a ɗaure take da doka. Sai da lasisi, sai cikin wasu makonni na kaka da farkon hunturu, kuma jihohi da yawa sukan raba lokacin: na masu baka da kibiya daban, na masu bindigar ɗuri irin harba-ka-ruga daban, na masu bindigar zamani daban. Ana ƙayyade wa mutum adadin da zai kashe, kuma ba a sayar da naman dabbar daji a kasuwa. Tun 1937 dokar Pittman-Robertson ta sa harajin da ake ɗorawa a kan bindigogi da harsasai, wanda a yau ya kai kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi, yana tafiya wajen kula da namun daji. Ginshiƙin tsarin duka shi ne cewa dabbar daji ta jama'a ce, ko da a gonar wani take kiwo, jiha ce ke riƙe da ita amana a madadin kowa. Duk rigimar kyamara daga wannan ginshiƙi ta taso.

## Yadda na'urar ke aiki

Akwati ne ƙarami da bai wuce tafin hannu biyu ba, mai launin ɓawon itace, wanda ruwa ba ya shiga. A gabansa akwai idon ɗaukar hoto, da jerin ƙananan fitilu, da wata 'yar taga mai duhu. Bayan tagar nan ne sirrin yake, domin a nan aka sa na'urar jin ɗumi. Ba motsi kaɗai take lura da shi ba, sai abu mai ɗumin da ya bambanta da na wurin ya gifta ta gabanta, sannan ta tashi kyamarar daga barci, a ɗauki hoto cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Nisan da take iya jin dabba yakan kai mita 20 zuwa 30. Da rana hoton mai launi ne, da dare kuwa fitilun kan fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani sosai, shi ya sa hoton ke fitowa baƙi da fari. Wasu fitilun sukan yi ɗan ja kamar garwashi idan sun kama, wasu ko alama ba sa nunawa. A ƙasan kowane hoto ana buga kwanan wata, da sa'a, da ma'aunin zafi, har da matsayin wata a sama, kuma wannan ɗan layin rubutu ya fi hoton kansa daraja a wurin maharbi.

Ɗaure ta ma sai wanda ya iya. Akan sa ta wajen tsayin ƙugun mutum, a juya fuskarta arewa don kada rana mai fitowa ko mai faɗuwa ta kashe hoton. Akan karkata ta ta kalli hanyar dabbobi a kaikaice, don idan ta fuskanci hanyar kai tsaye daga gefe, kafin ta farka barewar ta wuce, sai a sami hoton wutsiya. Dole a share ciyawa da ƙananan rassan da ke gabanta, in ba haka ba rana ta gasa ganye, iska ta kaɗa shi, na'urar ta ɗauka dabba ce, mutum ya dawo ya tarar da hotuna dubu biyu na ciyawa da batir a mace.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu ne jigon maganar. Ta farko tana ajiye hotuna a katin memori, sai mai ita ya taka ya je ya cire. Ta biyu tana da layin waya a cikinta, da ta ɗauki hoto sai ta tura shi zuwa wayar mai ita, ko yana ofis ko yana kan gado, bisa kuɗin wata-wata. Kamfanoni irin su Bushnell, Moultrie, Spypoint, Reconyx da Tactacam ne ke yin su, farashin kuma daga ƙasa da dala 50 ne zuwa ɗaruruwan daloli.

## Daga zaren tarko zuwa layin waya

Dabarar ta girmi kakannin masu jayayya a kanta. A shekarun 1890, George Shiras na uku, lauya ɗan Pennsylvania wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilai, yakan ja zare a hanyar dabbobi a dazukan arewacin Michigan, ya haɗa shi da kyamara da garin sinadarin da ke tartsatsin haske, barewa na taɓa zaren sai ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a watan Yulin 1906. Abin lura, Shiras maharbi ne da ya koma ɗaukar hoto, yana kuma kiran maharba su riƙa ajiye bindiga su ɗauki kyamara.

Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara sayar wa maharba irin wannan na'ura, mai aiki da fim na hoto 24 ko 36, wanda sai an kai an wanke kafin a san ko barewa ce ko kare. Shigowar ta dijital a farkon shekarun 2000 ta kawar da wannan wahala, arahar mai layin waya a shekarun baya-bayan nan kuma ta kawar da jira gaba ɗaya.

## Abin da maharbi yake karantawa a hoto

Kafin kyamara, maharbin Amurka da namu na gargajiya aikinsu ɗaya ne, wato bin sawu. Yana duba kofato a laka, yana duba kashi ya gane na yau ne ko na shekaranjiya, yana neman inda ciyawa ta kwanta don dabba ta kwana a kai, da inda namiji ya goge ƙaho ya saɓule ɓawon ƙaramar bishiya. Sawu yana gaya masa cewa dabba ta wuce, amma ba ya gaya masa wace ce, ko ƙarfe nawa. Waɗannan biyun su ne kyamara ta ƙara, kuma ba ƙaramin ƙari ba ne, tunda doka da rana kawai ta yarda a yi harbi. Namijin da ke bin wata hanya ƙarfe biyu na dare daidai yake da babu.

Aikin yana bin kalandar dabbar. A watannin Yuli da Agusta mazan sukan haɗu ƙungiya-ƙungiya, suna fitowa gonakin waken suya da yamma ba tare da wani tsoro ba, a lokacin ne maharbi yake yin abin da za a iya kira ƙidaya: maza nawa ne a yankin, wanne ya tsufa ya isa harbi, wanne za a bar shi ya ƙara shekara. Masu binciken namun daji ma sun mayar da wannan hanyar ilimi. Tun 1997 Harry Jacobson da abokan aikinsa a Mississippi suka fitar da tsarin da ake bi, inda ake ƙirga mazan da aka bambance ta ƙahonsu, a auna da yawan hotunan mata da 'ya'ya, a fitar da ƙiyasin garken duka. Abin da aka saba shi ne kyamara ɗaya a kowace eka 100 har kwana 14.

To amma da zarar ƙaho ya bushe a Satumba, ƙungiyar sai ta watse, kowa ya kama gabansa. Abinci ma ya canza, an girbe gonaki, 'ya'yan itacen oak sun fara zuba a cikin daji, barewa ta bar bakin gona ta koma ciki. A nan ne sabon shiga yake shan mamaki, domin namijin da ya yi wata biyu yana kallo a waya kullum, har ya nuna wa abokai, sai ya ɓace kamar an ɗauke shi, ya koma wani wuri mai nisan kilomita ɗaya ko biyu, wataƙila gonar maƙwabci.

Daga tsakiyar Oktoba gwanaye sukan mayar da kyamarorinsu wani wuri na musamman. Idan lokacin barbara ya gabato, namiji yakan sami reshen da ya sunkuyo daidai kansa, ya goga goshi da gefen ido a jiki, ya lasa, sannan ya tone ƙasan da ke ƙarƙashin reshen da kofato ya yi fitsari a ciki. Wurin ya zama kamar allon sanarwa, duk namijin da ke yankin sai ya biyo ya shinshina ya bar nasa warin. Kyamara ɗaya a irin wannan wuri tana iya nuna kusan duk mazan da ke dajin cikin mako biyu, ko da yake yawancin ziyarar da dare ake yin ta. Sai Nuwamba, tsakiyar barbara a jihohin arewa, lokacin da namiji yake mance tsoro da abinci, yana bin mace da rana tsaka, yana ratsa wuraren da bai taɓa takawa ba. A wannan lokaci lissafin jiya ba ya aiki yau, kuma a nan ne kyamara mai layin waya take nuna ƙarfinta, domin labarin da ya kwana ya riga ya lalace.

Duk da haka, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kyamara tana ganin 'yan mitocin da ke gabanta ne kawai, abin da ya bi ta bayan bishiyar bai shige ta ba. Barewa da hanci take rayuwa, don haka maharbin da ya san sa'a da hanya amma ya zauna iska na kwasar warinsa zuwa inda dabbar ke kwance, zaman banza ya yi. Sau da yawa ma kyamarar ce ke ɓata farautar, saboda mai ita ba ya iya haƙuri, duk kwana biyu sai ya je cire kati, yana barin warin takalmi da hannu, har tsohon namiji ya gane ya daina bin wurin da rana.

## Ruwan Arizona, inda wutar ta kama

Da a gabashin ƙasar kaɗai ake wannan sana'a, da wuya maganar ta kai gaban hukuma. Can yawancin ƙasa ta masu gona ce, a Texas ma kusan kashi 95 cikin ɗari mallakar mutane ce, ruwa kuma ko'ina akwai, don haka kyamarar mutum a gonarsa take, barewa kuma tana da hanyoyi ɗari. Yamma kuwa akasin haka ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na Nevada ƙasar gwamnatin tarayya ce, wadda kowa ke da ikon shiga, sannan ga fari.

A Arizona hukumar kula da namun daji tana da wuraren tara ruwan sama kusan 3,000 da aka gina wa dabbobi, idan fari ya tsananta har da tanka ake kai musu ruwa. A yankin da ke arewa da kwazazzabon Grand Canyon, wanda ya yi suna da manyan mazan barewa mai kunnen alfadari, dabba ba ta da zaɓi, dole ta zo ɗaya daga cikin 'yan wuraren nan ta sha. Wanda ya sa kyamara a kowane ruwa ya ƙirga kusan duk dabbar da ke yankin. Izinin farauta a can ta hanyar ƙuri'a ake samu, mutum na iya shekara goma ko ashirin yana nema, 'yan tsirarun izinin da aka riƙa gwanjonsu kuma sun kai ɗaruruwan dubban daloli. Inda kuɗi ya kai haka, dole 'yan kasuwa su shigo. Kamfanonin ja-gorar farauta suka baza kyamarori da yawa, har aka riƙa samun gomman kyamarori a bakin ruwa guda, a jikin turakun shinge da kowane ɗan itace, kowacce da kwado da sarƙa. Kowace kyamara kuma tana da mai zuwa duba ta da mota, wani da asuba, wani da rana, wani da magariba, a daidai watannin da dabba ta fi bukatar ta sha ruwa cikin natsuwa. Makiyayan shanu suka yi kuka, maharbin da ba shi da ja-gora ya yi kuka, ga sata da fasa kyamarori da cacar baki a kan wanda ya riga wani ganin namiji kaza.

A 2018 hukumar ta fara da hana masu tura hoto kai tsaye. A Yunin 2021, ana tsakiyar mummunan fari, kwamishinoninta biyar suka amince baki ɗaya a hana kowace iri idan don farauta ce. Nevada tun 2018 ta hana ɗaura su a ƙasar jama'a daga 1 ga Agusta zuwa ƙarshen Disamba, masu layin waya kuwa tun daga 1 ga Yuli. Utah ta bi sahu a 2022 da haramcin 31 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba, ta kuma hana sayar da hotunan da bayanan wurin ga masu farauta, kafin majalisar jihar ta sassauta wa masu ƙasar kansu a 2023. A 2023 ɗin ne kuma Kansas da Delaware suka hana su a filayen da hukumominsu ke kula da su. Mafi yawan sauran jihohi ba su taɓa komai ba.

## Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Hujjar masu adawa ta ɗabi'a ce kafin ta zama ta doka. Maharban Amurka suna da wata ƙa'ida da suke alfahari da ita, wadda za a iya kira farautar adalci, ma'ana a bar wa dabba cikakkiyar damar tsira da hancinta da kunnenta da ƙafarta. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ita ce ta yaɗa wannan ra'ayi, ita ce kuma ke riƙe da kundin manyan ƙahoni. Matsayinta shi ne dabbar da aka kashe bayan kyamara ta sanar da maharbi inda take a daidai lokacin, ya tashi ya nufe ta, ba za ta shiga kundin ba. Ba ta haramta kyamarar leƙe gaba ɗaya ba, lokaci ta duba.

Akwai kuma hujjar daidaito. Idan dabbar ta kowa ce, bai kamata mai kyamara ɗari ya mallaki labarinta ya sayar wa mai kuɗi ba, ma'aikacin da ya ɗauki hutun kwana biyar kuma ya zo ya tarar an gama rabon daji a waya. Tsofaffin maharba suna ƙara ta uku, cewa yaran yanzu sun iya manhaja amma ba su iya karanta ƙasa ba. Wannan ta ukun, a ganina, ita ce mafi rauni, domin irin kukan da aka yi ne lokacin da madubin hange ya hau kan bindiga, kuma ba aikin hukuma ba ne ta tilasta wa mutum ƙwarewa.

## Abin da masu kare ta suke cewa

Su kuma suna da nasu, kuma ba na wasa ba ne. Suna cewa mai kyamara ya fi zaɓe, yana ƙyale ƙananan maza su girma tunda ya san akwai babba, yana kuma gane garken da mata suka yi wa yawa ya rage su. Suna cewa mai aikin kwana shida a mako, da tsoho, da mai larurar ƙafa, kyamara ce ke ba su abin da mai lokaci yake samu da ƙafarsa, don haka hana ta wani fifikon ne ga wani rukunin. Sun kuma kawo hujjar da ke juya maganar Arizona a kanta: idan damuwar ita ce yawan zirga-zirga a bakin ruwa, ai mai layin waya ce ba ta bukatar a je duba ta, ga shi ita aka fara hanawa. Sannan suna tambaya a nuna musu inda kyamara ta rage yawan barewa, alhali hukuma ce ke ƙayyade adadin izini, ko da kyamara ko babu.

Wannan tambaya ta ƙarshe daidai take, amma amsa ce ga ƙorafin da ba a yi ba. Ba a ce barewa za ta ƙare ba, cewa aka yi an mayar da ruwan jama'a shingen bincike, an kuma mayar da dabbar jama'a haja. Ni abin da na fahimta shi ne na'urar ɗaya ce amma aikinta biyu ne, gwargwadon wuri da lokaci. A gonar Ohio mai rafi da kurmi, hoton mako guda da ya wuce shawara ce kawai. A bakin ruwa ɗaya tilo cikin hamada, ko a wayar mutumin da ke zaune a mota mita ɗari biyar daga wurin, hoton ya zama rabin harbi. Shi ya sa dokar New Hampshire ta fi kama hankalina, inda aka bar kyamarar amma aka hana mutum harbin dabba a ranar da ya ga hotonta kai tsaye. Ba sabon tunani ba ne, Alaska ta daɗe da hana farautar manyan dabbobi da dama a ranar da mutum ya yi shawagi a jirgin sama, don kada ya hango daga sama ya sauka ya harba.

## Waɗanda ba maharba ba

Kyamara ba ta san barewa daga mutum ba. Mai yawon shan iska a dajin gwamnati, da iyalin da suka kafa tanti, da macen da ta ratse bayan bishiya don biyan bukata, duk suna iya faɗawa wayar wani baƙo ba da saninsu ba, kuma wannan na cikin dalilan da aka ambata a Kansas. A ɗaya gefen, mai gona yana amfana, don da ita yake kama masu kutse da ɓarayin kaya, ya kuma ga abin da ke cinye masa 'yan maruƙa.

Hukuma ma ta shiga ciki. Tun 1924 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kariyar da tsarin mulki ya ba gida daga bincike ba ta haɗa da buɗaɗɗen fili ba, bisa wannan ne jami'an kula da daji suke shiga gonakin mutane ba da takardar kotu ba, wani lokaci har su ɗaura tasu kyamarar. Wasu masu gona biyu a Tennessee da suka tsinci irin wannan a filayensu sun kai ƙara, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce shigar da aka yi musu ta saɓa wa tsarin mulkin jihar.

Sai batun cuta. Don a sami hoto mai kyau, mutane da yawa sukan zuba masara ko gishiri a gaban kyamara, dabbobi su taru suna lasar wuri ɗaya. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa har ta mutu, wadda aka fara lura da ita a Colorado a 1967, yanzu ta ɓulla a jihohi sama da 30, ba ta da magani, kuma tana bin yawu da fitsari. Saboda ita jihohi da dama sun hana zuba abinci da gishiri, wanda ya sauya yadda ake ɗana kyamarar ko a inda ba a hana ta ba.

A nahiyarmu an fi sanin na'urar a hannun masu kare dabbobi. Ita ce a 2020 ta ɗauko gorilar Kuros Riba da jariransu a duwatsun Mbe, a 2023 kuma ta nuna zakanya a gandun Sena Oura na Chadi, inda aka yi kusan shekara ashirin ba a ga zaki ba. Masu irin wannan aiki sukan ɓoye ainihin inda aka ɗauki hoton, domin sun san bayanin da ke taimakon mai gadi shi ne ke taimakon mai harbin sata.

## Inda dokar ke tuntuɓe

Rubuta haramci ya fi aiwatar da shi sauƙi. A Arizona ba kyamarar aka haramta ba, amfani da ita wajen farauta aka haramta. Makiyayi na da ikon sa ta don duba shanunsa da kwamin ruwansu, mai bincike da mai sha'awar hoto ma haka. Jami'in da ya tarar da akwati a jikin itace bai kama kowa da laifi ba tukuna, sai ya tabbatar da wanda ya ɗaura ta, da cewa hoton ya isa hannun wanda ya yi harbi, alhali hoto na iya tashi daga wayar makiyayi zuwa ta surukinsa mai izinin farauta cikin daƙiƙa guda ba tare da ya bar sawu a daji ba. Jihohin da suka bi hanyar kalanda, irin Nevada, sun sauƙaƙa wa jami'ansu, tunda duk kyamarar da aka gani a ƙasar jama'a a watan Satumba ba tare da izini ba a cire ta kawai, sai dai sun haɗa da wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, tsuntsaye kawai yake son gani.

Kafin a gama warware wannan ma, kamfanonin sun ƙara gaba. Manhajojinsu yanzu suna tace hotuna da kansu, su ware maza daga mata, su haɗa sa'o'in fitowar dabba da yanayin iska da sanyi, su ba mutum shawarar ranar da zai fita. Wasu kyamarorin suna nuna bidiyo kai tsaye idan an bukata. Ga kuma jirage marasa matuƙa masu ganin ɗumin jiki, waɗanda wasu jihohi suka yarda a nemo gawar dabbar da aka harba da su, wasu suka hana, saboda jirgin da ya tashi neman matacciya yana ganin masu rai a hanya.